Neman tallafin kuɗi yana rage damar samun gurbi a jami'o'i masu zaman kansu na Amurka?

Kawun Yara ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar neman gurbin digirin farko a Amurka. Yara biyu ne a hannuna, duk suna ajin ƙarshe na sakandare a Kano. Ta farko 'yar yayana ce, a Amurka aka haife ta lokacin da mahaifinta yake karatu, tana da fasfo ɗin can amma a nan ta tashi. Na biyu ɗana ne, fasfo ɗin Najeriya kaɗai gare shi. Sakamakonsu kusan ɗaya ne, a jarrabawar SAT ita ta ci 1480, shi 1500. Abin da za mu iya fitarwa wa kowannensu a shekara bai wuce dala 5,000 ba, shi ma sai an matsa.

A fom ɗin neman gurbi akwai inda ake tambaya ko ɗalibi zai nemi tallafin kuɗi. Wani ya ce mu amsa a'a don kada a ƙi su, idan sun shiga sai a nema daga baya. Wani kuma ya ce manyan jami'o'in can ba ruwansu da aljihun mutum, ƙwazo kawai suke dubawa. Wanne ne gaskiya a ciki? Kuma hukuncin yaran biyu ɗaya ne?

Malamar Jagora ta amsa:

Wa alaikumus salam Malam. Hukuncinsu ba ɗaya ba ne, kuma shawarar farko da aka ba ka tana iya jawo muku asarar shekara guda cur. Kada ku bi ta.

Abu biyu ne mutane suke haɗawa alhali kowanne zaman kansa yake. Na farko, shin masu tantance ɗalibai suna ganin halin aljihun iyaye lokacin da suke yanke hukunci? Na biyu, idan an ɗauki ɗalibi, jami'ar tana cike masa duk abin da ya gaza biya? Jami'a tana iya rufe ido ga aljihu wajen ɗauka, amma ta ba da rabin abin da ake buƙata ta bar ku da sauran. Wata kuma tana leƙa aljihu kafin ta ɗauka, amma duk wanda ta ɗauka sai ta cike masa tsaf. Ga mai dala 5,000 a hannu, ta biyun nan ta fi amfani nesa ba kusa ba, domin takardar gurbin da ba za a iya biya ba ba ta kai yaro ko'ina. A shafukan jami'o'in za ka ga ana kiran masu rufe idon need-blind, masu leƙa aljihun kuma need-aware. Amma kada ka tsaya a kalmar, ka karanta layin da ke biye da ita, a nan ne ake faɗin su wa dokar ta shafa.

Ita 'yar yayanka, tunda 'yar ƙasa ce, ofisoshin tallafi suna lissafa ta cikin 'yan gida ko da ba ta taɓa shiga aji a can ba. Jami'o'i irin su Stanford, Columbia, Pennsylvania, Duke, Rice, Vanderbilt, Williams, Swarthmore da Pomona duk suna rufe ido ga aljihun 'yan ƙasa, kuma suna cike buƙata gaba ɗaya. A wurarensu amsar e da ta bayar ba za ta rage mata komai ba. Sannan tana da haƙƙin tallafin gwamnatin tarayya ta hanyar fom ɗin FAFSA, ciki har da kyautar Pell wadda iyakarta ta kai dala 7,395 a shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025. Akwai kuma shirin QuestBridge na 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi, wanda yake karɓar 'yan ƙasa mazauna waje, ana rufe nemansa a ƙarshen Satumba.

Ɗanka kuwa baƙo ne a lissafinsu, kuma waɗancan jami'o'in da na lissafa duk suna leƙa aljihun baƙi. Waɗanda suka haɗa abu biyun ga baƙo, wato rufe ido da cike buƙata, 'yan kaɗan ne: Harvard, Yale, Princeton, MIT da Amherst sun daɗe a haka, Dartmouth da Bowdoin suka bi sahu a 2022, Brown ta fara da ɗaliban da suka shiga a 2025, Notre Dame da Washington and Lee suka sanar da nasu a 2024. Ka lura kusan kowacce sai da ta samu babbar kyauta ko ta tara wakafi mai nauyi kafin ta iya. Dartmouth da kyautar dala miliyan 40 ta kammala nata asusun, Washington and Lee da dala miliyan 132. Wannan ya nuna maka cewa maganar ba ta tausayi ko rashinsa ba ce, ta ƙarfin asusu ce. Harvard mai wakafin da ya haura dala biliyan 50 za ta iya abin da ƙaramar kwaleji mai dogaro da kuɗin karatun ɗalibai ba za ta iya ba.

Sai dai waɗannan goman su ne duk duniya take rububi. A MIT, cikin baƙi ɗari da suka nema, kimanin biyu ake ɗauka. Don haka a can buƙatar kuɗi ba za ta cutar da ɗanka ba, yawan masu nema ne zai yi.

Yanzu ga dalilin da ya sa na ce kada ku amsa a'a. A yawancin jami'o'i masu leƙa aljihu, baƙon da ya shiga a matsayin mai biyan kuɗinsa ya rufe wa kansa ƙofar tallafin jami'ar har ya gama shekara huɗu, a rubuce dokar take a shafukansu. Kuma tun kafin a kai nan, jami'a ba za ta fitar masa da takardar I-20 ba, wadda da ita ake neman biza, sai ya nuna shaidar kuɗin shekarar farko gaba ɗaya. Kuɗin shekara a irin waɗannan wurare, idan aka haɗa karatu da ɗaki da abinci da inshorar lafiya da littattafai, yana kaiwa dala 85,000 zuwa 95,000. Wasu kan ari kuɗi a zuba a asusun banki na 'yan kwanaki don a ciro takarda. Wannan yaudara ce, idan aka gano ana soke gurbin, idan ba a gano ba kuma lissafin zangon farko zai iso a watan Agusta babu abin biya.

Baban Ilham ya ƙara:

Hajiya ta yi bayani mai kyau. Ni zan tsaya a kan yadda leƙa aljihun yake gudana a cikin ofis, saboda mutane suna ɗauka da an ga mai buƙata ake jefar da takardarsa. Ba haka ake yi ba.

Kowace shekara hukumar jami'a tana yanke wa ofishin ɗaukar ɗalibai kasafin tallafi. Ana karanta takardu a jera waɗanda ake so, galibi ba tare da duba kuɗi ba a matakin farko. Wajen ƙarshen Fabrairu zuwa Maris sai a haɗa lissafi: idan waɗannan da muka zaɓa suka zo, nawa za mu kashe? Idan adadin ya zarce kasafi, sai a koma kan waɗanda suke bakin layi, waɗanda da ƙyar suka shiga jerin, a sauke masu babbar buƙata zuwa jerin masu jira, a hawo da masu biyan kuɗi waɗanda darajarsu ta yi kusa. Ga 'yan ƙasa, wannan sauyin yakan shafi ƙaramin kaso ne na ƙarshen aji. An ga misalinsa a fili a kwalejin Reed a 2009 bayan faɗuwar tattalin arziki, inda aka cire fiye da ɗalibai ɗari masu buƙata daga jerin waɗanda aka riga aka so, aka maye gurbinsu da masu iya biya. A 2013 jami'ar George Washington ta amince cewa ta daɗe tana irin wannan ga kusan kashi goma na masu nema, alhali tana kiran kanta mai rufe ido. Wesleyan ta bar rufe ido a 2012, Haverford a 2016, duk saboda nauyin kasafi. Wasu kuma sun bi ta ɗaya hanyar: Johns Hopkins ta koma rufe ido ga 'yan ƙasa bayan kyautar dala biliyan 1.8 ta Michael Bloomberg a 2018, jami'ar Washington ta St. Louis a 2021. Shi ya sa jerin da aka rubuta shekara uku da suka wuce ba abin dogaro ba ne, a duba shafin kowace jami'a a shekarar da ake nema.

Ga baƙi lamarin ya fi tsanani, domin asusunsu daban ne kuma ƙarami. Ɗauki misali don lissafi kawai: kwaleji ta ware dala miliyan biyu wa sababbin baƙi, kuɗin shekara dala 85,000. Mai iya biyan 5,000 zai ci 80,000, kenan ɗalibai 25 sun cinye asusun. Mai iya biyan 45,000 zai ci 40,000, za a samu 50 da kuɗi ɗaya. Saboda haka ba wai kawai ka nema ko ba ka nema ba ake dubawa, girman abin da ka nema shi ne maganar. Bambancin mai 5,000 da mai 8,000 ba wani abu ba ne, duk a rukuni ɗaya suke, na masu buƙatar kusan komai. Inda ma'auni yake fara motsi shi ne idan iyali sun kai wajen kashi ɗaya cikin uku ko rabin kuɗin. Na faɗi wannan ne don kada ku sayar da fili ku ƙara dala 3,000 a fom kuna zaton zai sauya hukunci. Ba zai sauya ba, kuma abin da kuka rubuta shi za a riƙa tsammani daga gare ku kowace shekara har huɗu.

To ta yaya za ka gane mai leƙa aljihun da take ba baƙi da gaske? Akwai takarda da yawancin jami'o'i suke fitarwa kowace shekara mai suna Common Data Set. Rubuta sunan jami'ar tare da sunan takardar a Google. Je sashe na H6: a nan ake rubuta adadin baƙin da aka ba tallafin jami'a, da matsakaicin abin da kowanne ya samu, da jimilla. Ka cire matsakaicin daga kuɗin shekara. Idan kuɗin shekara 85,000 ne matsakaicin kuma 75,000, wannan gida ne da yake ɗaukar masu babbar buƙata. Idan matsakaicin 28,000 ne, ragi suke yi wa masu hali, kada ɗanka ya ɓata fom a can komai kyawun sunanta. Adadin ɗaliban kuma na dukkan azuzuwa huɗu ne, ka raba shi huɗu ka ga kujeru nawa ake takara a kai a shekara. Ga yarinyar kuma sashe na H2 za ka duba, layin da ke nuna kashi nawa na buƙata ake cikewa. Ƙasa da kashi 95 ga mai irin ƙarfinku yana nufin giɓin dubban daloli.

Wannan giɓin shi ne babban abin da yake karya mutane. Yawancin jami'o'i masu zaman kansu ba su da babban wakafi. Abin da suke kira tallafi ragi ne a kan farashin da suka rubuta, kuma ƙungiyar jami'an kuɗi na jami'o'in Amurka ta nuna matsakaicin ragin ga sababbin ɗalibai ya haura kashi 55 cikin ɗari. Za a aiko da wasiƙa mai daɗi, an ba yaro dala 35,000 a shekara saboda hazaƙa, gida ya cika da murna. Kuɗin shekara kuwa 70,000 ne. Sauran 35,000 fa?

Kawun Yara ya sake rubutawa:

Allah ya saka da alheri, yanzu na fara ganin hanya. Ga wata matsalar. Yayana ɗan kasuwa ne, matansa biyu, yara goma sha ɗaya, kuma shi yake riƙe da mahaifiyarmu. Ba shi da takardar albashi. Muna da gonakin gado da ba a raba ba. Ta yaya ake rubuta irin wannan? Sannan ba ma son bashi mai kuɗin ruwa ko kaɗan.

Akawun Kasuwa ya amsa:

Malam, wannan ɓangaren ne aka fi yin kuskure, kuma kuskuren yana shafar ɗauka kai tsaye. A jami'a mai leƙa aljihu, idan takardun kuɗin baƙo ba su cika ba a ranar da aka sa, ofishin tallafi ba zai iya cewa nawa zai ci ba, masu tantancewa kuma ba sa ɗaukar wanda ba a san nauyinsa ba. Yaro mai kyawun sakamako yana faɗuwa saboda takarda ɗaya da ba a ɗora ba.

Babban fom ɗin neman tallafi shi ne CSS Profile na hukumar College Board. Ana buɗe shi 1 ga Oktoba. Kuɗinsa dala 25 ga jami'ar farko, 16 ga kowace ƙari. 'Yan ƙasa mazauna Amurka masu samun da bai wuce dala 100,000 ba ana yafe musu, baƙi kuma ba a yafe musu kai tsaye, sai dai wasu jami'o'in suna ba da lambar biya idan an rubuta musu an roƙa, wasu kuma suna karɓar fom ɗin ISFAA na neman tallafin baƙi kyauta a madadinsa. Princeton tana da nata fom ɗin, shi ma kyauta. Samun da ake tambaya na shekara biyu baya ne: mai shiga a 2026, kuɗin 2024 zai rubuta. Yarinyar za ta cika biyu, FAFSA da CSS Profile. Iyayenta ba sa buƙatar lambar Social Security ta Amurka kafin su buɗe asusun FAFSA, amma a fara da wuri don tantance su yakan ɗauki lokaci.

Ga ɗan kasuwa, abin da ake so riba ce, ba ciniki ba. Mutumin da kayan naira miliyan 90 suka bi ta hannunsa a shekara ribarsa miliyan 9, idan ya rubuta 90 a gurbin samu ya mai da kansa attajiri a idonsu. A samu akawu ya shirya takarda shafi ɗaya ko biyu: ciniki, kuɗin saro, haya, albashin yaran shago, sufuri, sannan ribar da ta rage. A haɗa da takardar shaidar biyan haraji idan akwai, da bayanin asusun banki na watannin da suka nema. Idan kuɗin wasu mutane yana ratsawa ta asusunsa, kamar na adashi ko na saƙon kaya, a yi bayani tun kafin su tambaya. Duk takardar da ba da Turanci take ba, kamar ta 'yan Nijar ko Kamaru masu Faransanci, a haɗa da fassara mai hatimi.

Gidan mata biyu ba shi da gurbi a tsarin fom ɗin, don an gina shi ne a kan uba ɗaya da uwa ɗaya. Iyayen da za a rubuta su ne mahaifinta da mahaifiyarta. Sauran nauyin a kai shi akwatin bayanin yanayi na musamman da ke ƙarshen fom, a rubuta da lambobi: mutum nawa suke ci daga wannan samun, yara nawa ke makarantar kuɗi da abin da ake biya wa kowanne, nawa ake kashewa a maganin tsohuwa a wata. Jimla biyar masu adadi sun fi shafi guda na koke. Ba kowace jami'a ce za ta rage komai ba, amma masu lissafin suna da ikon sassautawa idan sun ga hujja. Idan iyayen yaro sun rabu, yawancin jami'o'in nan suna neman fom na biyu daga wanda yaron ba ya hannunsa, kuma ƙin cikawarsa ba hujja ba ce a wurinsu. Sai an nemi a ɗauke sharaɗin da wasiƙar wani na waje, kamar shugaban makaranta ko limami, mai tabbatar da cewa an daɗe ba hulɗa.

Gonar gado a rubuta kason mahaifin kawai, a farashin da za ta sayu yau, a kuma bayyana cewa ba a raba ba, ba mai ikon sayarwa shi kaɗai. Kada a ɓoye ta, kada kuma a kumbura ta. Ana lissafa kusan kashi biyar cikin ɗari na dukiyar iyaye a matsayin abin da za su iya bayarwa a shekara, amma kuɗin da ke asusun ɗalibi da sunansa ana ɗaukar kashi 20 zuwa 25. Don haka tara kuɗin karatu a asusun yaro yana ƙara abin da za a ce ku biya.

Batun canji ma a kula. Fom ɗin yana barin baƙo ya rubuta da kuɗin ƙasarsa. Naira ta tashi daga wajen 460 a dala a farkon 2023 zuwa sama da 1,500 a 2024, don haka idan kuka yi alkawarin dala 5,000, ku tabbata za ku iya ko da canji ya sake motsawa.

Maganar bashi kuma, a karanta wasiƙar tallafi layi-layi. Kyauta daban, aikin cikin makaranta daban, rance daban, amma sukan haɗa su a jimilla ɗaya. Princeton ta cire rance daga tallafinta tun 2001, kuma Harvard, Yale, Amherst, Bowdoin, Brown, Dartmouth, Williams, Swarthmore da Pomona suna kan wannan tsari. A sauran wurare yarinyar za ta ga rancen gwamnati har dala 5,500 a shekarar farko. Tana da damar ƙin karɓa, amma gurbinsa ku za ku cike daga aljihu, jami'a ba za ta mai da shi kyauta ba. To ku lissafa shi cikin abin da za ku biya tun yanzu.

Ɗan Damagaram ya ce:

Ina da gyara kaɗan a kan maganar cewa a wurin masu rufe ido talauci ba ya cutarwa. A kan takarda haka ne, amma fom ɗin da kansa yana nuna sana'ar iyaye, makarantar da aka yi, da irin ayyukan da yaro ya samu damar yi. Binciken da Raj Chetty da David Deming da John Friedman suka fitar a 2023 ya nuna cewa a wasu manyan jami'o'in Amurka goma sha biyu, ɗan gidan da ke cikin kashi ɗaya mafi arziki ya fi matsakaicin mai nema mai maki iri ɗaya damar samun gurbi da kusan kashi 34 cikin ɗari. Dalilan uku ne: fifikon 'ya'yan tsofaffin ɗalibai, 'yan wasanni, da makin abubuwan da ba na aji ba, wanda makarantun masu kuɗi suka iya shiryawa.

Abin da yaro zai iya yi shi ne kada ya ɓoye yanayinsa. Zaman shago bayan makaranta, koyar da ƙanne, noma da damina, haddar Alƙur'ani, duk ayyuka ne da ake rubutawa da adadin sa'o'i a mako. Malamin da zai rubuta wasiƙar shaida ya faɗi yawan 'yan ajin da matsayin yaron a cikinsu, da abin da makarantar ba ta da shi.

Sannan a duba dokar biza kafin a kashe ko sisi a kan ɗan naka. A Yunin 2025 gwamnatin Amurka ta hana 'yan Chadi da Sudan shiga, a Disamba kuma aka faɗaɗa dokar ta shafi Nijar da Najeriya har da bizar ɗalibai. Irin wannan doka tana sauyawa, a tambayi ofishin EducationUSA (masu ba da shawarar karatu a Amurka) na Abuja ko Legas matsayinta a lokacin, a kuma tambayi jami'a ko tana ɗage gurbi da tallafinsa zuwa shekara mai zuwa idan biza ta gagara. Yarinyar wannan bai shafe ta ba.

Malamar Jagora ta dawo:

Gyaran ya yi daidai. Bari in ƙara yadda za a tsara jerin, Malam, tunda fom ɗin Common App, wanda ake neman jami'o'i da yawa da shi, jami'a 20 kaɗai yake bari.

Ga yaron, uku ko huɗu daga cikin goman nan sun isa. Kaso mafi yawa, takwas zuwa goma, ya tafi ga masu leƙa aljihun da sashen H6 ɗinsu ya nuna matsakaici mai kusa da cikakken kuɗi, waɗanda kuma makinsa ya zarce na yawancin ɗalibansu. Wannan sharaɗin na biyu shi ne muhimmi: mai buƙatar dala 80,000 ba a ɗaukarsa daga bakin layi, sai ya kasance cikin waɗanda jami'ar take tsoron rasawa. Kwalejin da sunanta bai yi amo a Najeriya ba, inda 1500 take saman aji, ta fi masa dama a kan wadda 1500 take tsakiya. Ya duba shirin Wesleyan na ɗaliban Afirka wanda ya fara a 2023, da kwalejin Berea ta jihar Kentucky wadda ba ta karɓar kuɗin karatu kuma masu ƙaramin ƙarfi kaɗai take ɗauka, a can buƙata sharaɗin shiga ce. Akwai kuma cikakkun tallafin hazaƙa a Emory da Vanderbilt da Washington and Lee, ranakun rufe su suna zuwa da wuri, tsakiyar Nuwamba zuwa 1 ga Disamba, kuma da yawa suna rasa su don sun ɗauka Janairu ne.

Zagayen farko mai alkawari (Early Decision), wanda ake rufewa 1 ko 15 ga Nuwamba, yana da amfani a wurin masu leƙa aljihu saboda asusun bai taɓu ba tukuna. Jami'a ɗaya kaɗai ake nema ta wannan hanya, idan an ɗauke ka dole ka janye sauran. Ana sakin ɗalibi idan tallafin bai isa ba, amma ya rasa damar kwatanta tayi da tayi. Don haka a yi shi ne kawai a jami'ar da ta rubuta cewa tana cike buƙatar duk wanda ta ɗauka har da baƙi. Jerin masu jira kuwa kada a ɗora rai a kansa. Lokacin da ake kiran mutane daga ciki, bayan 1 ga Mayu, kuɗin tallafi ya kusa ƙarewa, kuma wasu masu rufe idon ma a wannan matakin suna buɗe shi. Haka ma masu neman sauya jami'a daga baya, shi ya sa dabarar a shiga ko'ina a yi shekara ɗaya sannan a koma babba ba ta cika aiki ga mai buƙata ba.

Kuɗin fom ɗin neman gurbi dala 75 zuwa 90 ne a yawancinsu, ana yafewa ta cikin Common App idan malamin makaranta ya tabbatar, kuma a wurin masu rufe ido neman yafewar ba ya rage maki. Ko da cikakken tallafi ya samu, dala 5,000 ɗinku tana da aiki: kuɗin rajistar ɗalibi baƙo (SEVIS) dala 350, na biza 185, tikitin jirgi, kayan sanyi, inshorar lafiya idan ba ta cikin tallafin, da harajin kashi 14 da ake cirewa baƙo daga ɓangaren tallafin da ya shafi ɗaki da abinci. Aikin da biza ta yarda da shi sa'a 20 ne a mako a cikin makaranta, ya isa kuɗin kashewa, bai isa cike giɓi ba. Don haka abin da za ku rubuta a matsayin gudummawar iyali ya zama abin da ya rage bayan an cire waɗannan.

Idan wasiƙa ta zo da adadin da ya fi ƙarfinku, kada ku biya kafin alƙalami tukuna. A rubuta wa ofishin tallafi, ba ofishin ɗauka ba, a nemi sake dubawa, a haɗa da sabuwar hujja: faɗuwar ciniki, rashin lafiya, sauyin canji, ko tayin wata jami'a mai irin matsayinta. A faɗi adadin da ake buƙata a fili, a kuma aika cikin makon farko na Afrilu, kafin sauran masu ƙorafi su cinye abin da aka ware.